Waƙa Ɗaya Mai Minti 63: Yadda Ƙungiyar Sleep Ta Kwashe Da Kamfanin Faifai

A shekarar 1996 wasu samari uku 'yan garin San Jose da ke jihar Kalifoniya ta Amurka suka shiga ɗakin ɗaukar sauti a wani ƙauye mai suna Comptche, da kuɗin kamfanin London Records a aljihunsu. Da suka fito, abin da suka miƙa wa kamfanin waƙa ce ɗaya tal, tsawonta minti 63. Kamfanin ya ce ba zai sayar da wannan ba. Su kuma suka ce ba su da wata. A kan haka ƙungiyar Sleep ta watse, aikin ya kwanta a ma'ajiyar kamfani.

Kafin a ce wa ke da gaskiya, sai an san irin kiɗan da suke yi, don tsawon waƙar daga cikin kiɗan ya fito.

Asalin abin daga Birmingham ta Ingila ne, wurin ƙungiyar Black Sabbath da ta fitar da faifanta na farko a 1970. Makaɗin gitarsu, Tony Iommi, injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu tun yana matashi. Danna tsirkiya mai tauri yana yi masa ciwo, sai ya riƙa sassauta ta. Tsirkiya kuwa in ta yi sako-sako, muryarta ƙasa take yi, ta yi kauri. A faifansu na 1971, Master of Reality, wannan kaurin ya fito sosai, kuma daga nan 'yan baya suka ɗauka. Salon da ake kira doom shi ne a ɗauki wannan murya mai nauyi a rage mata gudu matuƙa. Wanda ake kira stoner ɗan'uwansa ne, sai dai ya fi shi lilo da maimaici, kuma masu yin sa ba su ɓoye cewa tabar wiwi na cikin al'adarsu. Sleep sun haɗa biyun.

Ga yadda sautin ke samuwa. Makaɗi zai haɗa gitarsa da wani ɗan akwati da ake takawa da ƙafa, wanda ke dishe muryar ta koma gurnani. Daga nan sai ta shiga amfulifaya irin ta da, mai ƙananan kwalabe a ciki da ke ɗaukar zafi. In aka murɗa ta har ƙarshe, kwalaben ba sa iya fitar da sautin tsaf, sai ya kumbura ya yi gashi. Lasifikokin da aka jera bayan makaɗin kuma ƙararsu kan kai ga ta girgiza tsirkiyar da kanta, don haka bugu ɗaya zai iya ci gaba da amo na tsawon lokaci ba tare da an sake taɓawa ba. Wanda ke da irin wannan sauti ba ya gaggawa. Yakan ɗauki ɗan gajeren zubi na kiɗa ya yi ta juya shi, yana sauya wuri kaɗan, mai ganga yana jan ƙafa a baya, har mai sauraro ya daina ƙirga lokaci. A wurin wasa, mutum a ƙirjinsa yake jin bes kafin kunnensa ya tantance. Waƙar minti uku ba ta isa wannan aikin ba.

Sleep sun taso ne a 1990 daga wata ƙungiya mai suna Asbestosdeath. Al Cisneros ke riƙe da bes (gita mai kaurin murya) da waƙa, Matt Pike gita, Chris Hakius ganguna. Da su huɗu ne, amma bayan faifan farko, Volume One na 1991, Justin Marler ya ajiye gita ya tafi zaman zuhudu a wani gidan ibada na Kiristocin Otodoks. Saura ukun suka ɗauki wasu waƙoƙi suka aika wa Earache, ƙaramin kamfani a Nottingham wanda aka fi sani da kiɗa mai tsananin gudu. Kamfanin ya fitar da abin kusan yadda ya same shi, da sunan Sleep's Holy Mountain, a 1992. Faifan bai shiga rediyo ba, amma ya bi hannu da hannu, har manyan kamfanoni suka fara leƙowa. Lokacin nan ne 'yan ƙungiyar Nirvana suka nuna cewa ƙungiyar lungu tana iya sayar da miliyoyi, kowane kamfani yana farautar tasa.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo, kuma ita ce mutane suka fi kasa ganewa. Babban kamfani in ya ɗauki ƙungiya, yakan ba ta kafin alƙalami. Kuɗin nan ba kyauta ba ne. Da shi za a biya ɗakin ɗaukar sauti da injiniya, a sayi kayan kiɗa, a ci abinci, sannan kamfani ya cire abinsa daga kason mawaƙa na cinikin faifai kafin su ga ko sisi. Ya yi kama da manomin da ya ci bashin ɗan kasuwa da damina a kan hatsin da bai girbe ba, sai dai a nan, a yawancin kwantiragin wancan zamani, ko an gama biya ainihin sautin da aka ɗauka mallakar kamfani ne. Shi ke da ikon fitarwa, shi ke da ikon kullewa. Sleep sun zuba kaso mai tsoka na kuɗinsu a manyan amfulifayoyi, kuma su da kansu ba su musa cewa wiwi ma ta ci nata ba.

Shi kuma kamfani hanyar mayar da kuɗinsa a lokacin sananniya ce: a zaɓi waƙa ta minti uku ko huɗu, a kai gidajen rediyo, a yi mata bidiyo don tashar talabijin ta MTV, mutane su ji su je shago. Waƙar awa guda da ke ba da labarin ayarin mashaya wiwi suna keta hamada zuwa ƙasa mai tsarki ba ta da gurbi a wannan tsari. Ni ban ga laifin London ba da suka firgita. Abin da na kasa fahimta shi ne me suka zaci sun saya tun farko, ga Holy Mountain a gabansu yana shaida irin mutanen. London sun sa an datse waƙar an sake haɗa sautinta, ƙungiyar ta ƙi amincewa, magana ta mutu.

Sai aikin ya fara fita ta bayan gida. A 1999 datsattsen sigar mai minti 52, wadda aka yanka gida shida, ta fito da sunan Jerusalem ta hannun Rise Above a Ingila, kamfanin Lee Dorrian, wanda shi ma mawaƙin doom ne. A 2003 kamfanin Tee Pee suka fitar da doguwar da sunanta na asali, Dopesmoker. A 2005 Jim Jarmusch ya sa wani yanki nata a fim ɗinsa Broken Flowers. A 2012 kamfanin Southern Lord suka sake gyara sautin suka fitar da sabon zanen bango na Arik Roper. Kowace fitowa tana jawo sababbin masu sauraro, alhali har zuwa 2009 ƙungiyar da ta yi aikin a watse take. Abin dariya ɗaya: fuskar baƙin faifan garmaho ba ta ɗaukar fiye da minti ashirin da 'yan kai, don haka mai sayen Dopesmoker a wannan siga dole ya tashi ya juya faifai a tsakiyar waƙa, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Ƙananan kamfanonin nan suna iya abin da London ba za su iya ba saboda lissafinsu daban ne. Ba su da ɗaruruwan ma'aikata, ba sa sayen lokacin rediyo. In sun buga kwafi 'yan dubbai suka sayar, sun fita. Masu sauraron wannan kiɗa kaɗan ne amma ba sa gudu. Mutum ɗaya zai sayi faifai, ya sayi riga mai zanen ƙungiya, ya sake sayen faifan in an buga shi da wani launi. Ƙungiyar lungu a kan hanya take rayuwa: motar ɗaukar kaya cike da lasifikoki, tuƙin dare daga gari zuwa gari, ɗan teburi a bakin ƙofar zaure inda ake sayar da riguna. Sau da yawa kuɗin rigunan ne ke sayen man da zai kai su gari na gaba. Daga baya bukukuwa irin su Roadburn na Tilburg a Holan suka tara waɗannan mutane wuri guda, aka ga ashe suna da yawan da zai cika babban zaure.

A tsakanin nan kowa ya kama gabansa. Pike ya kafa ƙungiyar High on Fire a 1998, kiɗa mai gudu da faɗa. Cisneros da Hakius suka kafa Om a 2003, bes da ganguna kawai, ba gita. A 2009 bikin All Tomorrow's Parties a Minehead ta Ingila ya sake haɗa ukun a dandali ɗaya. Hakius bai daɗe ba ya ajiye sandunansa, Jason Roeder na ƙungiyar Neurosis ya hau kujerar. Daga nan masu shirya biki ne suka riƙa neman su, da farashin da ba su taɓa mafarkinsa ba a shekarun 1990.

Sabon faifai sai 2018. The Sciences ya fito ranar 20 ga Afrilu, ranar da mashaya wiwi a Amurka suka mayar tasu, ta hannun Third Man, kamfanin mawaƙi Jack White. A lokacin Kalifoniya ta riga ta halatta wiwi ga manya bayan ƙuri'ar 2016, alhali tana kai mutum gidan yari a ƙasashe da dama har gobe. Biyu daga waƙoƙin faifan, Sonic Titan da Antarcticans Thawed, tun zamanin Dopesmoker suke ajiye. Shekara ta zagayo, a 2019 Pike ya karɓi kyautar Grammy, amma da sunan High on Fire.