Haƙƙin Yaro Sai An Bi Sawu

Ka leƙa wani ajin firamare a ƙauye da damina. Iska ta yaye kwanon rufi, yara sun takure a kusurwa guda a kan buhunan taki, malam yana rubutu a bangon da aka shafa wa baƙin fenti. Iyaye sukan ce gwamnati ta manta da su. To, wace gwamnatin? Ido yakan tafi Abuja, alhali sau da yawa mabuɗin yana babban birnin jiharmu.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu kyauta na shekara tara: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta kuma ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai dai akwai sharaɗi: jiha ba za ta karɓi kasonta na gina azuzuwa ba sai ta fara ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. In gwamna bai zuba nasa ba, kuɗin su yi ta kwanciya a Abuja, ruwa kuma ya yi ta zuba a kan yara.

Haka abin yake ga dokar kare haƙƙin yara ta 2003. Ba ta aiki a jiha sai majalisar dokokinta ta yi tata. Kano sai a 2023 ta samu, bayan shekara ashirin ana muhawara. A fannin lafiya ma, dokar lafiya ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin ɗari na asusun nan na tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, amma ko maganin zai iso ɗakin shan magani na mazaɓarku, wannan ya danganta da yadda jiha ta riƙe amanar.

Saboda haka bin sawu aikin kowa ne. Wajen ƙarshen shekara gwamna yakan kai kasafin kuɗi majalisa. Lokacin ne ya kamata kwamitin kula da makaranta, ƙungiyar iyaye da malamai, liman da mai unguwa su tari ɗan majalisarsu da tambaya: an saka kason UBEC? Nawa aka ware wa rigakafi da abincin yara masu tamowa? A kuma rarrabe "an ware" da "an saki", domin a tsakanin kalmomin nan biyu ayyuka da yawa suke mutuwa. In amsa ta gagara, gidajen rediyo suna nan.

Mun ga amfanin haɗa kai. Da sarakuna da malamai suka shiga yaƙi da shan inna, a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Yaro ba ya jefa ƙuri'a, ba ya zuwa majalisa. Bakinsa shi ne namu. In mun yi shiru, damina mai zuwa za ta same shi a kan buhun nan.