Matsin tattalin arziki: Yadda mazauna Gwandu da Kalgo za su kare ɗan abin da suke samu

Idan albashi ya shigo wa ma'aikaci a Kalgo, ko manomi a Gwandu ya sayar da albasarsa ya ƙirga kuɗin, tambaya ɗaya ce take jiran kowannensu: a ina za a ajiye abin da ya rage, ta yadda bayan wata shida zai iya sayen abin da yake saya a yau?

Garuruwan biyu na Jihar Kebbi sun bambanta a hanyar samu. Kalgo, da ke kusa da Birnin Kebbi, tana da ma'aikata da ɗalibai da masu gidajen haya saboda mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da babban asibitin jiha da ke yankin, ga kuma manoman shinkafa a fadama. Gwandu kuwa, garin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ta fi dogaro da noman gero da dawa da albasa, da kiwo da fatauci. Amma duk abin da ya taɓa darajar naira yana taɓa su baki ɗaya.

Darasin shekaru goma

Sau biyu tattalin arzikin Najeriya ya karye a baya-bayan nan: a 2016 bayan faɗuwar farashin ɗanyen mai, sai a 2020 lokacin annobar korona. A tsakanin nan da bayansa, jama'a sun ga wasu abubuwa da suka fi karayar kanta zafi a aljihu.

A farkon 2023 sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, har mai kuɗi a banki ya rasa na cefane, manoma da makiyaya suka riƙa karyar da kayansu ga duk wanda ke riƙe da tsaba. A ranar 29 ga Mayun shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. A watan Agusta aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulki, fataucin da ke bi ta Kamba ya tsaya har zuwa Maris na 2024.

Zuwa Disamban 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'anar hakan ita ce, naira 100,000 da mutum ya kulle a akwati tsawon shekara ba za ta sayi fiye da abin da kimanin 74,000 ke saya a lokacin da ya ajiye ta ba. Babu ɓarawon da ya shiga ɗakin, amma kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Ko da Gwamna Nasir Idris ya amince da naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a jihar a Oktoban 2024, tsadar abinci da sufuri ta riga ta cinye kaso mai yawa na ƙarin.

Rumbu yana da nasa haɗarin

Dabarar da aka gada ita ce a mayar da kuɗi hatsi da kaka, lokacin da kaya ke araha, a ci wani, a sayar da wani da bazara ko tsakiyar damina. A 2023 da 2024 waɗanda suka yi haka sun ci riba sosai.

Sai dai abin ya juya. A Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 kan shigo da wasu kayan abinci, ciki har da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. A 2025 farashin hatsi ya sauko, masu saye suka ɗan numfasa, amma wanda ya cika ɗaki da kaya a farashi mai tsada, musamman da kuɗin bashi, ya tafka asara. Manoman shinkafa kuma suka sayar da amfaninsu da araha alhali taki bai sauko ba.

Saboda haka akwai bambanci tsakanin ajiyar ci da ajiyar riba. Magidancin da ya tanadi geron da zai kai iyalinsa wata kaka bai yi asara ba ko farashi ya faɗi, domin abincin yana nan. Wanda ya ajiye don riba ɗan kasuwa ne, kuma bai kamata ya yi hakan da kuɗin makarantar yara ko kuɗin aro ba. Wake na buƙatar buhu mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, wanda ke kashe ƙwari ba tare da an zuba magani ba. Albasa kuwa tana raguwa a ajiya ta hanyar ruɓewa da bushewa, don haka dole a lissafa wannan kafin a yi murnar tashin farashi a kasuwannin Aliero da Jega.

Kiwo ma haka yake. Tunkiya ko akuya banki ce ga mata da yawa, ana sayar da ita rana ɗaya idan lalura ta taso. Turka rago don Babbar Sallah na kawo riba idan an tanadi harawa da ƙaiƙayi da dusa tun kaka. Amma cuta ɗaya na iya share garke, kuma kuɗin allurar rigakafi bai kai ko kusa da kuɗin dabba ɗaya ba.

Adashe da banki

Adashe na tilasta wa mutum tanadi, shi ne amfaninsa. Matsalarsa a lokacin hauhawar farashi ita ce, mai kwasar ƙarshe yana karɓar adadin da mai kwasar farko ya karɓa, amma ba darajar ba. Maganin hakan shi ne a gajarta zagayen zuwa wata huɗu ko biyar, a riƙa juya jerin kwasa, ko a yi zubin a sayi kayan abinci da sari a raba. Rubuta zubi da kwasa a littafi, da shaidu, yana kare zumunci da mutuncin uwar adashe.

Ga kuɗin ko-ta-kwana, banki mai lasisi ya fi ƙarƙashin katifa, inda gobara da gara da ɓarawo ke iya kaiwa. A 2024 hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya idan banki ya durƙushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. An ga amfanin hakan bayan Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage a Yunin shekarar. Masu gudun kuɗin ruwa suna da bankuna irin su Jaiz da TAJ, da kuma takardun Sukuk da Gwamnatin Tarayya ta fara sayarwa a 2017, waɗanda ake iya shiga da naira 10,000. Duk da haka, abin da ya faru a 2023 ya nuna hikimar riƙe ɗan tsabar kuɗi na kwanaki a gida.

Ribar da ke cinye uwar kuɗi

Lokacin matsi ne kasuwar 'yan damfara ke ci. A Disamban 2016, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, tsarin MMM ya rufe asusun mutane. A Afrilun 2025 CBEX ya durƙushe da kuɗaɗen jama'a masu yawa. Salon ɗaya ne: alƙawarin riba mai yawa cikin 'yan makonni, da lada ga wanda ya kawo wani. Na farko ana biyansu da kuɗin na baya, kuma sau da yawa ɗan'uwa ko abokin aiki ne ke kawo tallan da zuciya ɗaya. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu gudanar da irin wannan tsari, amma ɗauri ba ya dawo da kuɗin. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa.

Bashi ma yana cin samu a ɓoye. Manomin da ya karɓi kuɗi da damina a kan zai biya da buhu da kaka yakan sayar da amfaninsa ƙasa da farashi tun bai girbe ba. Jihar Kebbi ta san wannan darasi: a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, kuma ambaliyar 2020 ta lalata gonakin shinkafa masu yawa, ta bar manoma da bashi ba amfanin gona.

Toshe inda ke yoyo

Ga mai noman rani a fadamar Kalgo, fetur ɗin injin ban-ruwa na cikin abin da ya fi cin jari. Famfo mai aiki da hasken rana yana da tsada a farko, amma manoma uku ko huɗu masu maƙwabtaka da juna na iya haɗa kuɗi su saya. Ga ma'aikaci kuwa, 'yar gona ko kiwon kaji ko sana'ar hannu ta uwargida na nufin gida ba zai tsaya cak ba idan albashi ya yi jinkiri.

Wanda ya raba samunsa tsakanin abincin shekara, da 'yan dabbobi, da ajiyar banki, da ɗan abin hannu, ba zai yi arzikin dare ɗaya ba. Amma a 2023 da takardun kuɗi suka ɓace yana da gero a rumbu, a 2025 da hatsi ya faɗi yana da tunkiya a turke. Kaka mai zuwa ita ce lokacin yin wannan rabon, tun kafin kuɗin amfanin gona su narke a hidimar biki da cefane.