Kujerar Baya a Motar Golf: Sifirin Ne Ke Ɗaukar Nauyin

A Peachtree City ta jihar Jojiya a Amurka, ƙaramar motar golf ta daɗe da barin filin wasa. Da ita ake zuwa cefane da kai yara makaranta, a kan hanyoyinta na musamman masu tsawon kusan kilomita 160. Matsalar ita ce an ƙera ta ne don mutum biyu da jakunkunansu na sanduna, shi ya sa da iyali sun ƙaru sai a cire mariƙin jakar a ɗaura kujera a baya.

Daga nan ne gindin motar ke fara zama ƙasa. Kujerar tana bayan tayoyin baya ne, don haka manya biyu da suka hau, wajen kilo 150 ke nan, suna danna motar kamar lilo: baya ya nutse, gaba ya ɗaga. Sitiyari ya yi sakayau a hannu, taya ta riƙa gogar jikin motar a kan kowane tudu. Wanda ya taɓa ganin akori-kura ta sha lodin buhuna ya san wannan tafiya.

Mutane da yawa sai su ruga su sayi sabon shokazoba, wanda a ganina asarar kuɗi ce. Aikinsa hana tsalle-tsalle ne kawai, ba ya ɗaukar kaya. Mai ɗaukar nauyin shi ne sifirin. A motocin Club Car da E-Z-GO TXT, sifirin baya falle-fallen ƙarfe ne da aka lanƙwasa, kuma maganin shi ne a sa mai kauri, mai falle uku ko huɗu. Yawancin na Yamaha kuwa naɗaɗɗen sifiri gare su, sai a musanya da mai tauri. Duka ɓangarorin biyu, hagu da dama, ake canzawa tare, kuma bakanike mai lura ba zai mayar da tsofaffin robobin bushin da suka cinye ba.

Akwai farashin da ake biya. Ranar da direba ya fita shi kaɗai, sifiri mai tauri zai sa ya ji kowane rami a ƙugunsa.

Birki kuma yana nan yadda yake. Akasarin waɗannan motoci a tayoyin baya kaɗai suke da shi, kuma yanzu mutum huɗu zai tsayar a kan gangara.