Ƙarin Naɗin Waya a Jitar Lantarki: Ƙarfi Ne, Amma da Farashinsa

Mai sauraro a Furfuri ko Tsafe da ya taɓa jin kiɗan jitar lantarki a wayarsa zai lura cewa jitoci ba murya ɗaya gare su ba. Wata muryarta siririya ce, tana fita tas, ana jin kowace tsirkiya daban. Wata kuma mai kauri ce, tana gurnani, tana jan amo bayan makaɗi ya ɗauke yatsa. Hannun makaɗi da amfilifaya suna da nasu rabon a wannan bambanci, amma tushensa yana cikin wata ƴar na'ura da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin, wato maɗaukin sauti. Makaɗa da yawa sun ɗauka cewa maɗaukin da aka yi wa ƙarin naɗin waya ya fi kowane. A ganina ciniki ne kawai: ana ba ka ƙarfi, ana karɓe maka tsabtar sauti, kuma irin kiɗan da kunnenmu ya saba da shi ba ya jure a karɓe masa da yawa.

Na'urar ba ta da wuyar fahimta, musamman ga wanda ya taɓa tsayawa wurin masu naɗa koyil ɗin fanka da janareto a Gusau, domin ilimin ɗaya ne. Maganaɗisu ne aka kewaye shi da wayar jan ƙarfe wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai ta dama ƙarfin maganaɗisun, wannan damawar kuma ta haifar da ƴar wutar lantarki a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mayar da ita sauti. Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a Ingila a 1831, kuma kimanin shekara ɗari bayan haka George Beauchamp ya ɗora ta a kan jita a Amurka. Maɗaukin jitar Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954, yana da zagaye wajen 8,000. Idan aka wuce abin da aka saba, shi ne ƙarin naɗi. Kowane zagaye yana ƙara wutar da ke fita, amma yana kuma danne sautuka masu kaifi na sama, ya tura ƙarfin muryar zuwa tsakiya. Ba a raba waɗannan biyun, tare suke zuwa.

Abin ya fara ne kusan bisa tsautsayi. A 1957 kamfanin Gibson ya soma sa wa jitocinsa maɗauki mai koyil biyu wanda Seth Lover ya ƙirƙiro, kuma injinan naɗin wancan lokaci ba sa tsayawa da kansu, saboda haka wani maɗaukin ya fito da waya fiye da wani. Makaɗa suka lura cewa masu yawan wayar suna tura amfilifayar kwalba har ta fara shaƙewa, muryar ta yi kauri ta daɗe ba ta mutu ba. Abin da injiniya zai kira matsala, su suka kira shi daɗi. A farkon shekarun 1970 Larry DiMarzio ya fara sayar da maɗauki mai suna Super Distortion a New York, wanda aka naɗa shi da gangan domin wannan aiki, daga nan kasuwar ta buɗe.

Ba zan raina wannan murya ba, don tana da amfani a wajenmu. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da amo mai zurfi, sannan a filin biki, inda ganga da kalangu da guɗa suka cika wuri, sautin tsakiya ne ke ratsa hayaniya ya isa kunne. Jita mai siririyar murya takan ɓace a irin wannan taro, ko ta yi tsini ta soki kunne idan aka ƙure mata ƙara. Makaɗin da ke fama da ƙaramar amfilifaya yana da hujja idan ya nemi ɗan ƙarin naɗi.

Sai dai a dubi waɗanda suka kai jitar yankinmu duniya. Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar da ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, kafin waƙoƙinsa su bazu daga waya zuwa waya, Stratocaster ta bahago yake kaɗawa. Wanda ya saurari kundinsa Afrique Victime na 2021 ya san cewa akwai wuta a kiɗan, amma a cikin wutar ana jin yatsunsa suna gudu, kowane bugu yana fita da kansa. Haka Bombino na Agadas a kundinsa Nomad na 2013. Salon nasu ya gaji kayan kiɗan tsirkiya na gargajiya, dangin molo da gurmi: tsirkiya ɗaya tana riƙe da amo a ƙasa, sauran suna ta kai da komo a sama da saurin gaske. Maɗaukin da aka cika wa waya fiye da kima yana cakuɗa waɗannan bugu su zama dunƙule ɗaya, yana kuma rage tazarar da ke tsakanin taɓawa a hankali da bugu da ƙarfi, alhali a wannan tazarar makaɗi yake magana. Ga kuma ƙugi. Maɗauki mai koyil ɗaya yana kwasar ƙugin wutar lantarki daga wayoyin gida da janareto, kuma yawan naɗi yana ƙara shi, abin da duk mai kiɗa kusa da janareto zai ji a kunnensa.

Wani zai ce ai yanzu gardamar ta ƙare, tunda akwai ƙananan na'urorin da ake takawa da ƙafa su ƙara wa sauti ƙarfi yadda ake so, don haka ƙarin naɗi tsohon yayi ne. Akwai gaskiya a nan, kuma ita ce ma ta sa nake cewa a bar maɗauki da tsabtarsa, domin ana iya rage kaifi da maɓallin da ke jikin jita, amma ba a iya dawo da kaifin da waya ta riga ta cinye. Duk da haka akwai wurin da ƙarin yake da ma'ana. Tsirkiya ba ta girgiza sosai a kusa da gindinta, don haka maɗaukin da ke can yakan yi rauni da tsini, kuma ɗan ƙarin waya a kansa shi kaɗai yana daidaita shi da sauran. Masu ƙera jita sun daɗe suna yin haka.

Wani kuma zai ɗauko mita ya nuna maka lamba, ya ce wannan dubu 6 ne, wancan dubu 13, saboda haka na biyun ya ninka na farko ƙarfi. Mita turjiyar waya kawai take aunawa. Waya mai siranta tana ba da babbar lamba ko da zagayen bai ƙaru ba, kuma ƙarfin maganaɗisu da nisansa da tsirkiya suna canza sauti ba tare da lambar ta motsa ba.

Saboda haka matashin da ke shirin kashe kuɗinsa ya fara da sukurun da ke gefen maɗaukinsa: ya ɗaga shi kaɗan kusa da tsirkiya ya saurara, kada dai ya matsa har maganaɗisu ya riƙa jan ta. Idan bai gamsu ba, ya gwada sabon maɗaukin a kan amfilifayar da yake aiki da ita, da kiɗan da yake kaɗawa a biki, kafin ya biya ko kwabo.