KEKEN DA YA DACE DA DAMARGU

A kasuwannin Tanut da Belbeji da Bakin Birji ana ganin keke iri biyu. Akwai baƙin keken nan na da, irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin. Akwai kuma mai faffaɗar taya da giya da yawa, wanda Turawa ke kira keken hawan dutse. Manomi ya sayar da hatsinsa, makiyayi ya sayar da akuyoyinsa, kowa na tambaya: wanne ya fi? Amsar tana ga aikin da mutum zai sa keken.

Daga ina ya fito?

An fara ƙera keken hawan dutse a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, a shekarun 1970. Samari ne suka shirya shi don gangarowa daga kan duwatsu, wasa suke yi. Ba su yi shi don ɗaukar buhu ko jarka ba. Damargu kuwa ƙasar rairayi ce da ƙaya da ƙarangiya. Ban da babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Tanut zuwa Agadas, yawancin hanyoyin ƙauyuka turɓaya ce.

A fara duba firam

Firam shi ne ƙashin keke. In ya karye, sauran kaya ba su da amfani. Ana yinsa da baƙin ƙarfe ko da alminiyon. Baƙin ƙarfe yana da nauyi, amma yakan lanƙwashe kafin ya karye, kuma mai walda na kasuwa zai iya gyara shi. Alminiyon ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, amma in ya gaji da kaya sai ya tsage, kuma waldarsa sai da na'ura ta musamman. Gane su ba wuya: maganaɗisu yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama alminiyon.

Mai sayen keken gwanjo ya goge ƙura, ya duba mahaɗar bututu: a wuyan keke, a ƙarƙashin sirdi, da wajen feda. In fenti ya tattare ko an ga siririn layi kamar gashi, tsagewa ce ta fara. Kada a saya, ko da an yi rangwame. Araha ba ta ado.

Kowa da nasa

Manomi mai kai hatsi kasuwa ko ɗauko ruwa, firam na baƙin ƙarfe ya dace da shi, da kariya mai ƙarfi. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne. Jarka biyu da mai tuƙi sun isa kaya. Keke mai sifirin a baya bai dace da dako ba, don babu wurin ɗaura kariya sosai, kuma rairayi na cinye mahaɗarsa.

Makiyayi mai bin hanyar rijiya ko neman dabbar da ta ɓata, faffaɗar taya ce abokiyarsa. Siririyar taya nitsewa take yi cikin rairayi. In aka ɗan rage wa faffaɗar iska, sai ta bi ta sama. Kada ya fita ba famfo da kayan faci.

Ɗan makaranta mai bin fako, keke marar giya ya ishe shi. Giya mai yawa tana taimako a jigawa, amma in ta lalace, kayanta sai birni.

Kulawa

Rairayi ya haɗu da mai, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye sarƙa. A wanke ta da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a goge ragowar da tsumma. A ajiye keke a inuwa, don rana na busar da taya.

Kafin a biya kuɗi, a tambayi mai gyaran keke na kasuwa mafi kusa ko yana da kayan irin wannan keken. In ya ce babu, a nemi wani.