Inda Ruwa Ba Ya Tafiya: Yaran Kura da Bunkure a Ƙarshen Hutu

A makon ƙarshe na watan Agusta na sauka a Karfi, kan titin Kano zuwa Zariya, inda hayaƙin gasasshiyar masara ke tarar matafiyi tun mota ba ta tsaya ba. Daga nan na hau babur zuwa gidan yayata, can cikin gonaki. An kwana ana marka, hanya duk taɓo, shinkafa kuwa kore shar iya ganinka. Da muka iso wata 'yar gada a kan kanal, sai ga yara maza kusan goma, tsirara, suna hawa kan kankare suna tsunduma ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa kaɗan da su 'yan mata uku na wanke-wanke, ƙafafunsu a ruwa har gwiwa, ɗaya da goyo a bayanta. Cikin masu tsundumar har da ɗan yayata mai shekara tara. Da ya hango ni ya fito yana ɗiga, ya karɓi jakata yana cewa, "Kawu, sannu da zuwa," yana sosa ƙwaurinsa da ɗaya hannun.

Wannan susar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

A yawancin ƙasar Kano, ƙarshen damina sauƙi ne ga mai ƙananan yara. Ruwan sama zai ɗauke a Oktoba, kududdufai su ja baya, sauro ya ragu, kafin tsakiyar rani wurin da ake iyo ya koma filin ƙwallo. A Kura da Bunkure da Garun Malam lissafin ya sha bamban. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya daina zama baƙon da ke zuwa ya tafi. An gina Tiga don ta riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Daga can yake gangarowa ta babban kanal ba tare da inji ya tura shi ba, ya ratsa Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har bakin kwamin manomi. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da aikin. Albarkar ba ɓoyayya ba ce. Ga injinan casar shinkafa birjik a Kura, ga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da manyan motoci ke lodi zuwa Kudu, ga magidancin da ke girbi sau biyu ko uku a shekara alhali kakansa sau ɗaya ya sani, sauran watannin kuma cin rani. Duk wanda ya san yankin nan ba zai yi wa kanal butulci ba. Amma ruwan da ke ciyar da yaro shi ne kuma yake kwantar da shi, kuma ba a cika faɗin wannan ba sai a bakin gadon asibiti.

Makonnin nan na ƙarshen dogon hutu su ne mafiya tsanani a cikin gida. Kuɗin maigida duk suna gona, sun tafi a taki da maganin feshi da ladan masu dashe. Tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai shigo ba sai ɗan tumu da ɗanyar gyaɗa da ake lallaɓa yara da su. Ga Satumba ta ƙarato da zancen yunifom da takalmi da littattafai. Maigida ya fara tunanin inda zai zuba irin tumatir da albasa na rani. Uwargida tana kan tukunyar turara shanshera, tana kallon sama kada hadari ya jiƙa mata shanya. Wa ya rage? Yara. Su ne masu kai abinci gona, su ne masu yanko wa tumaki ciyawa a gefen magudana, su ne masu korar tsuntsu inda shinkafar wuri ta fara fitar da kai. Yarinya 'yar shekara takwas ita ce mai renon ƙaninta ɗan wata goma, duk inda za ta tana saɓe da shi. Kowane ɗaya daga cikin aikin nan hanyarsa ta bakin ruwa take bi.

Zazzaɓin cizon sauro kowa ya san shi, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Abin lura shi ne macen sauron da ke ɗauke da shi ba ta son kwata mai wari kamar yadda ake zato. Ta fi son ruwa marar zurfi, kwantacce, wanda rana ke duka: sawun kofaton shanu, ramin da aka ɗebi ƙasar gini, kwamin shinkafa da aka dasa kwanan nan kafin ganye ya rufe. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana goma ne ko ƙasa da haka in da ɗumi. Shi ya sa ciwon ya fi zafi daga Agusta zuwa Oktoba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina, aka fara gwada shi a Jihar Katsina a 2013, yanzu kuma ana bi gida-gida da shi a Kano. Inda ake samun giɓi shi ne maganin na kwana uku ne. Ma'aikaciya takan ba da na ranar farko a gabanta, ta bar wa uwa na kwana biyu. Uwar da ta wuni kan murhu da shanya takan manta, ko yaron ya yi amai ta ce ba ya karɓarsa, sai a tura ragowar ƙwayoyin ƙarƙashin katifa. Na kuma ga gidan sauro, sabo fil, an lulluɓe renon tumatir da shi don kada kaji su yi ɓarna. Ban zargi mai gonar ba, domin irin nan shi ne abincin gidansa na wata shida. Amma a ɗakin da aka cire shi akwai ɗan shekara biyu. Yaron da jikinsa ya yi zafi a wannan lokaci gwajin jini yake bukata a ranar, kuma in ya fara shiɗewa, ko ya ƙi nono, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, to an wuce zancen kemis.

Ciwon da ya fi damuna shi ne wanda ba ya kwantar da yaro nan take, wato tsargiya, ko fitsarin jini.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara gano tsutsar da ke kawo ta, a birnin Alƙahira a 1851. Rayuwarta zagaye ce tsakanin mutum da ruwa, kuma duk wanda ya fahimci zagayen ya fahimci dalilin da ya sa ta samu wurin zama a yankin noman rani. Yaro mai ɗauke da ita zai yi fitsari a cikin kanal ko a gefensa. A cikin fitsarin akwai ƙwayaye da ido ba ya gani. Da sun taɓa ruwa sai su ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga neman wani ɗan ƙaramin dodon koɗi, wanda bai fi ƙwayar wake ba, mai maƙalewa a ciyawar bakin ruwa inda gudu ya lafa. A cikinsa tsutsar ke hayayyafa. Bayan wata ɗaya zuwa mako shida, sai dodon koɗin ya fara sakin ɗaruruwan 'yan tsutsotsi masu wutsiya a kullum. Sun fi fitowa da tsakar rana, daga hantsi zuwa azahar, daidai lokacin da zafi ke kora yaro cikin ruwa. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga, cikin 'yan mintoci, lafiyayyar fata marar ko ƙwarzane. Abin da yaro zai ji kawai ɗan ƙaiƙayi ne.

Daga nan sai shiru. Tsutsar za ta bi jini ta girma, mace da namiji su haɗu, su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su shekara uku zuwa biyar suna zuba ƙwai. Ƙwan da ke huda bangon mafitsara don ya fita shi ke kawo jinin, wanda galibi ɗigo ne a ƙarshen fitsari. Tsakanin shigar tsutsa da ganin jini akan yi wata biyu zuwa uku. A nan ne ake ɓatan kai. Yaron da ya yi iyo a hutun Agusta sai cikin Nuwamba zai ga ja a wandonsa, ana tsakiyar kaka, sanyi ya fara sauka, babu mai tuna wankan da aka yi tun da marka. Sai a ce zafi ne, ko ya sha rana. Wasu ma har yanzu suna ɗaukarsa alamar balaga, cewa yaro ya fara zama namiji. Shi kuwa yaron kunya ba za ta bari ya faɗa wa mahaifiyarsa ba, tun da ya ga duk abokansa haka suke.

Ƙwayayen da ba su fita ba su ne masu ɓarna. Suna maƙalewa a cikin tsoka, jiki ya yi ta yaƙi da su, wurin ya zama tabo. A hankali jini ya ragu, yaro ya rame, ya riƙa gyangyaɗi a aji, malam ya ce ba ya da ƙoƙari. In shekaru suka yi nisa, hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda tana iya toshewa, kuma likitoci sun tabbatar da alaƙar ciwon da sankarar mafitsara. 'Yan mata nasu ya fi ɓuya. Ba su tsunduma kamar maza, amma tsayuwar wanki ta awa guda ta isa. A jikinsu ƙwan kan zauna a al'aura da bakin mahaifa, ya kawo ciwon mara da zubar ruwa ko jini, har a wasu ya taɓa haihuwa. Mace nawa ce ta yi shekaru tana shan maganin sanyi, alhali abin da ke damunta tun tana 'yar shekara goma ta ɗauko shi a bakin kanal? Wannan tambayar tana hana ni sukuni.

Ba mu kaɗai ba ne. Duk inda aka tare kogi aka shimfiɗa magudanai a ƙasa mai zafi, dodon koɗi yakan biyo baya. Haka aka gani a gonakin Jazira na Sudan. A Senegal, bayan an gama madatsar Diama a 1986, cikin 'yan shekaru nau'in ciwon da ke kama hanji ya mamaye garin Richard Toll, inda a da ba a san shi ba. Najeriya kuwa tana sahun gaba a duniya wajen yawan masu ɗauke da tsargiya.

Magani akwai, sunansa praziquantel, kuma sha ɗaya ake yi. Kamfanin Merck na Jamus yana ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, har ƙwaya miliyan 250 a shekara. Akan raba shi a makarantu, a jingina yaro da wani marikin awo, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha. Yana da ɗaci, yana kuma sa jiri da murɗar ciki in an sha shi da yunwa, don haka ranar da za a raba shi kada yaro ya fita sai ya karya da abu mai nauyi. Sai dai yana da iyaka biyu. Yana kashe tsutsar da ta girma, amma ƙaramar da ta shiga makon jiya takan tsira. Kuma ba ya hana sake kamuwa: wanda ya sha yau ya koma ruwa gobe ya buɗe sabon shafi. Ga kuma waɗanda rabon makaranta ba ya kaiwa gare su, almajiran tsangaya, da 'yan talla, da 'ya'yan ƙwadago da ke zuwa dashe da yanka, da ƙananan da ba su isa shiga aji ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa shawararta, ta ce a wuraren da ciwon ya yi yawa a haɗa da yara tun daga shekara 2, da manya.

Na sha jin ana cewa iyaye su hana yara shiga kanal. Mai faɗin haka bai taɓa zama a ƙauyen da ruwa mai sanyi ke gudu taku hamsin daga ƙofar gida ba, famfon burtsatse kuma ɗaya ne, da layin jarkoki tun asuba. An zana aikin kanal ɗin nan ne don shinkafa da alkama da tumatir, an auna kowace ƙofar ruwa, amma ba a zana wa yaro wurin wanka ba, ba a zana wa uwarsa wurin wanki ba, ba a kuma yi wa mai aikin gona makewayi ba. A ganina duk kuɗin da za a sake kashewa wajen gyaran magudanai, kamar wanda aka kashe ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya, ya kamata a ware wani abu a ciki don burtsatse da dandamalin wanki da bayan gida a ƙauyukan da ke bakin ruwa. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da suke haɗa manoma yashe magudanai, in suka nome ciyawar bakin mashigar da yara ke taruwa, sun rage wa dodon koɗi mafaka. Malamin islamiyya kuwa yana da hujja a hannu, domin addini ya riga ya hana fitsari a ruwan da ake wanka da shi.

Akwai kuma abin da uwa za ta iya tun yau. 'Yan tsutsotsin nan ba su daɗewa in ba su sami fata ba. Ruwan kanal da aka ɗebo aka ajiye a baho kwana biyu zuwa uku, ba ciyawa ba dodon koɗi a ciki, ya zama na wankan jariri, ko da bai zama na sha ba. In ana sauri a tafasa shi a bari ya huce.

Daren da zan tafi na faɗa wa yayata duk wannan, tana tsince shinkafa a faifai. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta kira yaron, ta sallami ƙannensa, ta rage murya ta ce, "Zo nan, ɗan albarka. In ka yi fitsari, kana ganin wani abu a ƙarshe?" Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Ya ce tun kafin azumi.

Da safe mahaifinsa ya fasa zuwa wurin reno. Ya wanke wata 'yar kwalba, ya ɗora yaron a bayan babur, suka nufi Kura. Saura kwana goma sha biyu a koma makaranta, yunifom ɗinsa na kan igiya bai gama bushewa ba.