Ƙwallon kwando: Me ya sa ƙungiyoyin NBA ke biyan 'yan wasan da suka sallama?

Masu bin ƙwallon ƙafa a Zongon Lome ba su manta da Satumban 2015 ba, lokacin da Tottenham ta raba gari da Emmanuel Adebayor bisa yardar juna tun kwantiraginsa bai ƙare ba, kafin ya koma Crystal Palace a Janairun 2016. A gasar ƙwallon kwando ta NBA da ke Amurka, irin wannan rabuwa na faruwa kowace kaka. Sai dai a can ɗan wasa ne ke samun 'yanci. Ƙungiya kuwa tana ci gaba da ɗaukar nauyin kuɗin, wani lokaci har shekaru biyar.

Mece ce iyakar albashi?

Tun kakar 1984-85 NBA ta ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta, domin kada masu hannu da shuni su kwashe duk gwanaye. Ana lissafa iyakar ne daga kuɗin shigar gasar, wanda 'yan wasa ke samun kusan rabinsa. A kakar 2025-26 ta kai dalar Amurka miliyan 154.6.

Akwai hanyoyin da doka ta yarda a wuce ta, misali idan ƙungiya za ta sabunta kwantiragin ɗan wasanta. Amma a kakar 2025-26, wadda ta haura miliyan 187.9 sai ta biya haraji. Yarjejeniyar 2023 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙara tsananta lamarin da shingaye biyu, waɗanda a kakar 2025-26 suka tsaya a miliyan 195.9 da miliyan 207.8, kuma duk ƙungiyar da ta tsallake su tana rasa wasu hanyoyin ɗaukar 'yan wasa.

Yadda ake fansar kwantiragi

Yawancin kwantiragin NBA tabbatattu ne: ko ɗan wasa ya ji rauni, ko an ajiye shi a benci, dole a biya shi. Idan zama ya ƙi daɗi, sai a yi ciniki. Ɗan wasan ya yafe wani kaso na kuɗinsa, ƙungiya ta sake shi. Daga nan sauran ƙungiyoyi suna da awa 48 su karɓi kwantiragin yadda yake. In babu mai so, sai ya tafi inda ya ga dama. Wanda ke son buga wasannin neman kofi da sabuwar ƙungiya kuwa, dole a sallame shi zuwa ranar 1 ga Maris.

Abin da bai yafe ba yana nan cikin lissafin albashin tsohuwar ƙungiyarsa. Sauƙin da doka ta yi mata shi ne ta rarraba bashin: a ninka shekarun da suka rage sau biyu, a ƙara ɗaya. Shekara ɗaya ta zama uku, biyu su zama biyar.

Misalin Luol Deng

A 2016 iyakar albashi ta yi tsalle daga miliyan 70 zuwa sama da miliyan 94, ƙungiyoyi suka yi ta ɓarin kuɗi. Los Angeles Lakers ta bai wa Luol Deng, haifaffen Sudan ta Kudu, dala miliyan 72 na shekara huɗu, wato fiye da biliyan 40 na saifa. A kakar 2017-18 wasa ɗaya tak ya buga. A Satumban 2018 ya yafe kimanin miliyan 7 da rabi, ya koma Minnesota. Lakers ta rarraba albashin shekararsa ta ƙarshe, kusan miliyan 5 a kowace kaka har 2022. Ko da ta ci kofi a 2020, sunan Deng na cikin lissafinta, alhali ya yi ritaya tun 2019.

A Yulin 2025 Milwaukee ta sallami Damian Lillard bayan ya tsinka jijiyar agara. Shi bai yafe komai ba, don haka za a riƙa lissafa mata sama da miliyan 22 kowace shekara har shekara biyar, a kan ɗan wasan da ya koma Portland. Ta yarda da hakan ne don ta samu gurbin ɗaukar Myles Turner.

Abin da ya shafi 'yan Afirka

Akwai wata fansar kuma. Matashin da ke da kwantiragi da wata ƙungiya a Faransa ko Sifen, idan NBA ta neme shi, sai an biya tsohuwar ƙungiyarsa kafin ta sake shi. Abin da ƙungiyar NBA za ta iya biya ba tare da ya shiga lissafin albashinta ba bai kai dala miliyan ɗaya ba. Abin da ya haura, a kan albashin yaron yake faɗawa. Saboda haka iyayen da wani wakili ya kawo wa takardar tafiya Turai, su fara duba shekara nawa za a ɗaure ɗansu, da nawa aka rubuta a matsayin kuɗin fansa, kafin su duba albashin wata.